Kyautar Dutse

Lahadi ce, bayan la'asar, a Jidda.
Zafi ya kwanta a lungun Balad ya ƙi tashi.
Na kife keken wani yaro a ƙofar shago,
kaca a hannu, baƙin mai har gwiwa,
sai Munzali jikana ya turo min waya gaban hanci:
"Kaka, bar facin nan, zo ka ga masu keke na gaske."

Na gaske? To, mu gani.

Wata ƙasa ce can mai sanyi, samanta kamar tokar murhu,
gonaki tsirara dama da hagu.
Hanyar ba kwalta, duwatsu ne aka jera
kamar haƙoran tsohon jaki,
wani ya ɗago, wani ya nutse, ruwa ya kwanta tsakani.
Ga su nan tafe, sun fi ɗari, a dunƙule,
ƙugu a sama, haɓa dab da ƙarfe.
Laka ta cinye lambar riga, ta cinye fuska,
idanu kaɗai ta rage musu.

"Yini ɗaya ne," in ji Munzali, "babu gobe.
Wanda ya faɗi yau, ramuwarsa sai baɗi."

Wuyan hannuna ya riga idona ganewa.
Shekara talatin na yi ina kai tamis da ful
kan daɓen dutsen unguwar nan, tun kafin assalatu,
faranti a ka, tukunya a kariya,
haƙora na karo da juna kamar ina jin ɗari.
Na san abin da ba a faɗa a waya:
kada ka damƙe kan keke, sakar masa, ya yi rawarsa.
Bi gadon bayan hanya, gefe mayaudari ne.
In gargada ta yi tsanani ƙara wuta,
dutse mai tafiyar tsoro yake cizo.

Wani mai shuɗiyar riga, dogo, siriri kamar kara,
ya tsere musu da nisan jifa uku.
Har na fara kiransa ɗana.
Sai tayar baya ta yi laushi.
Ya tsaya bakin gona, ya ɗaga wili sama
kamar mai roƙon ruwa,
motar masu gyara ta maƙale can baya,
ayari ya wuce shi fuuu, ko waiwaye babu.
Ban san lokacin da na miƙe da famfo ba:
"Kawo nan! Minti biyu!"
Salimu Bayamale mai shayi ya yi dariya har ya ƙware.

Dab da magariba wani ya ci, ban riƙe sunansa ba.
Ya zube kan ciyawa, tafukansa duk ƙanta ta fashe,
yana kuka kamar an yi masa rasuwa.
Aka wanke shi, aka hau da shi dandamali,
aka miƙo masa kyauta.
Na ce Munzali ya matso da hoton.
Dutse.
Irin wanda ya wuni yana dukansa.
Ya ɗaga shi da ƙyar, ya sumbace shi.

Salimu ya ce, "Akwai kuɗi a baya, Haladu, kada ka damu."
Ban damu ba.

Na ja ƙofar shago bayan isha'i,
na hau tsohuwata, muka gangara wajen Bab Makka.
A kwanar masu turare akwai wani dutse mai ƙusumbi,
shi ya karɓi haƙorina na gaba
shekarar da aka haifi uwar Munzali.
Na sauka. Na taɓa shi da ƙafa.
Ko motsi.
Ya yi santsi, tayata na cikin waɗanda suka goge shi.

Wani ɗan acaɓar abinci ya danna min oda a baya.
Na ja keke gefe, na ba shi hanya,
na ga yadda ya damƙe kan mashin da ƙarfi.
Yaro ne. Zai koya.